Ranar da Na Auna Albasa

Warin albasa ne ya tashe ni daga gyangyaɗi a safiyar Alhamis ɗin nan. Motar da ta ɗauko mu daga tashar Jega ta tsaya a bayan wata babbar mota da ake yi wa lodi a bakin garin Aliero, buhuna jere har sama, warin ya shigo ta taga ya cika mana ido da hanci. Matar da ke kusa da ni ta ja gefen hijabinta ta rufe fuska. Ni kuwa shaƙa na yi, don a kwana goma sha ɗaya da na yi ina bin hanyar nan, warin nan kaɗai na fara sabawa da shi. A jakata akwai rula, da biro biyu, da sabon littafi mai bangon kwali. Ban ɗauko littafin lacca ba. Na tabbata ba zan buƙace shi ba.

A Kano aka haife ni, a can na girma. Baba ɗan Maiyama ne, amma aikin koyarwa ya riƙe shi a Kano fiye da shekara talatin, kuma Hausar Kano yake yi tsaf, har ba ka cewa daga wani wuri ya zo. Sau biyu kacal aka taɓa kai ni Maiyama, ina ƙarama, abin da na riƙe kawai shi ne wata bishiyar tsamiya da zafin yashi a tafin ƙafa. Bayan ya ajiye aiki da wata uku, babur ya kayar da shi, ƙashin cinyarsa ya karye. Da jinya ta ja, 'yan'uwansa suka ce a kawo shi wurin masu ɗori na Aliero, daga nan aka wuce da shi gida Maiyama. Umma ta bi shi. Gidan da muke ciki a Kano na makaranta ne, dole muka mayar. Ni ina tsakiyar aji biyu a jami'a, ina karantar aikin gona, sai ga shi ba ni da ɗakin da zan koma da yamma.

Haka aka nema mini canji zuwa jami'ar da ke Aliero. Kafin takardu su kammala, zangon karatu na biyu ya ci mako biyar. An karɓe ni, amma da sharaɗi, kuma an rubuta shi a takarda ɗaya da na haddace kamar karatun allo: akwai darasin noman rani da ban yi a can ba, dole in ci shi a wannan zangon. In ban ci ba, a mayar da ni aji ɗaya in faro daga tushe. Shekara ɗaya da rabi ke nan ta zube. Baba ya karanta takardar yana kwance, ya ninke ta a hankali ya miƙo mini, ya ce, "Ni na tumɓuko ki, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Tun daga ranar na san idan na faɗi, ba ni kaɗai zan ɗauki faɗuwar ba.

A gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, aka sauke ni, a Sabon Garin Jega. Shinkafa da gero take sayarwa a cikin gida. Tun da sassafe sai ka ji sallama, mace ta leƙo ta ce, "Akwai shinkahwa?" Gwaggo ta ce, "Awo," ta jawo mudu da faranti. Ina jin haka kullum. Ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba. Mace ta zo awo, Gwaggo ta ce awo, mudu ya fito. Me ya rage a tambaya?

Makaranta kuwa, kowa ya riga ya sami wurinsa. An raba rukunin aiki, an raba kujeru ba tare da an rubuta ba, kowace yarinya ta san jakar da za ta tsare wa wuri. Sunana da biro aka ƙara shi a ƙasan takardar sunaye, a karkace, lambata ma ba ta yi kama da ta kowa ba. Suna da guruf a waya inda ake sanar da komai, ni ba a sa ni ba, kuma kunya ta hana ni roƙo karo na biyu. Bakanuwa suke kirana. In suna hira, rabin maganar ke wuce ni: munka, sunka, wanga, wagga, kamar ruwan da na san sunansa amma ban san zurfinsa ba. Idan na buɗe baki na ce "me", sai wata ta maimaita da siririyar murya, a yi dariya, ba ta mugunta ba, amma dai dariya. Sai na koma bayan aji, ina rubuta 'yan baitoci a shafin ƙarshe na littafi, a kan gulbin Jega da shirwar da ke shawagi bisa kasuwa.

Darasin noman rani yana da tsarinsa. Duk safiyar Alhamis ana zuwa gonar makaranta, kowane rukuni da fangalinsa na albasa, a auna tsawon ganye da rula, a ƙirga, a rubuta. Awo ake ce wa aikin. Malamin darasin, wani dogon mutum mai furfura a gemu kawai, ya ce wata Alhamis ɗin zai ɗauke ta ya yi ƙaramar jarrabawa, wadda ɗalibai ke kira tes, kuma wakiliyar aji za ta sanar. Ya ƙara da cewa: wanda ba shi da makin tes, ba a duba takardarsa ta babbar jarrabawa.

Ranar Laraba da aka tashi, na ji wasu 'yan mata biyu a gabana sun ambaci tes. Na bi wakiliyar aji har bakin ƙofa. Yarinya ce 'yar Alelu, kamar yadda 'yan gari ke kiran Aliero, gajera, mai saurin tafiya da saurin magana, kullum waya na kunnenta. Na cim mata ta riga ta hau kabu-kabu, ta ba ni baya, tana gyara hijabi kada ya shiga taya.

"Don Allah," na ce, "gobe tes ne?"

"Awo!" ta ce, babur ya ja.

Wani sanyi ya sauka a ƙirjina. Ba tes ba ne, awo ne. Na sami ƙarin mako guda in kwafi laccocin da suka wuce ni. Da yamma har na taya Gwaggo tsintar shinkafa ina waƙa ƙasa-ƙasa, ta dube ni ta ce, "Yau kam ɗiyar Kano ta sake."

Shi ya sa a safiyar nan, da na sauka daga mota, ban bi ta ɗakunan karatu ba. Na zagaya ta baya na nufi gona. Babu kowa. Na ce na yi sammako ne. Raɓa ba ta bushe ba, ganyen albasa sun miƙe kore shar, kowanne da ɗigon ruwa a kansa. Na tuɓe takalmi na tsuguna a bakin fangalin rukuninmu, na buɗe sabon littafina, na rubuta rana da lokaci, na fara. Tsiro na ɗaya, na biyu. Ina dafa rula a ƙasa, in miƙar da ganye mafi tsawo a jikinta a hankali kada ya karye, in rubuta. Na lura na can ƙarshen fangali sun fi gajarta, bakinsu ya yi rawaya, na rubuta wannan ma a gefe. Rana ta ɗan ɗago. Wata kurciya tana kuka daga bishiyar dogonyaro. Ba zan ɓoye ba, awa ɗaya da rabin nan ita ce lokacin farko da na ji daɗi tun zuwana Aliero. Babu wanda ya maimaita maganata. Albasa ba ta san ni baƙuwa ba ce.

Ina kan tsiro na arba'in da takwas, na ƙarshe, sai tsohon da ke ba gonar ruwa ya iso da fartanya a kafaɗa.

"Ke ɗiyata, mi kike yi nan ke ɗai?"

"Ina kwana, Baba. Awo nake yi. Sauran ne ba su zo ba har yanzu."

"Ina za su zo? Suna can babban ɗaki. Tun da sahe na gane su suna gudu da takardu, jarrabawa anka ce."

"Jarrabawa?"

"Awo," ya ce, ya gyaɗa kai.

Gyaɗa kan nan na gani. Kalmar ta fito, kai ya sauka, ya ɗago. A take duk safiyoyin gidan Gwaggo suka dawo mini a jere: akwai shinkafa, awo, akwai gero, awo. Ashe ba mudu take kira ba. Eh take cewa.

Ban san lokacin da na sa takalmi ba. Na yi gudu da laka a gwiwar siket, littafi a hannu, rular ma a can na bar ta. Na isa babban ɗaki ana fitowa. Malam yana tsaye a ƙofa yana daidaita takardu a ƙirjinsa.

"Malam, don Allah..."

"Ke ce sabuwar? An gama." Ya wuce.

Wakiliyar aji ta iso tana zare ido. "Ke Bakanuwa, ina kinka shiga? Ba na ce miki awo ba?"

"Kin ce awo," na ce, "na je awo."

Sai da ta dubi lakar da ke jikina da littafin da ke hannuna kafin ta gane. Ta dafe baki. Wadda ke bayanta ba ta dafe ba. Kafin minti biyu labari ya zaga farfajiyar, wani daga cikin maza ya ɗaga murya ya ce, "Ku gode Allah ba asibiti tat tahi awon ciki ba!" Aka fashe. Wani ya ce, "Mai awo, mudu nawa kinka samu?" Na tsaya a tsakiyarsu, hawaye na zuba, hannuna na warin albasa, ko share ido ban iya yi da shi ba.

Ranar na zauna a ƙofar ofishin Malam har la'asar, bai dawo ba. Washegari Juma'a na riga mai shara zuwa. Da ya zo na durƙusa tun daga bakin ƙofa, na fara bayani, kuka ya ci rabin maganar.

"Tashi, tashi," ya ce. "Kowa da uzurinsa. Jiya wani ya ce mini kakarsa ta rasu. Karo na biyu ke nan tana rasuwa a zangon nan. In na buɗe miki ƙofa, mutum nawa za su biyo ki? An sanar, ko ba a sanar ba?"

"An sanar, Malam."

"To."

Ba zaluntata ya yi ba, abin da ya fi ciwo ke nan. An sanar. Na tambaya, an ba ni amsa daidai. Ba ni da wanda zan kama.

Na rubuta takardar roƙo sau huɗu a cikin motar komawa Jega, ina yagawa. Ta yaya mutum zai rubuta da Turanci cewa bai san "eh" ba a harshen ubansa? Da na sauka a tasha na ji ana kiran Kano, Kano, na tsaya ina kallon motar har ta cika, ina lissafa gidajen ƙawayena ɗaya bayan ɗaya, wanne ne zai riƙe ni ko da mako guda. Babu. Na koma gida na ce wa Gwaggo kaina ke ciwo. Ta kawo tuwo na juya shi a kwano. Na ɗauko takardar sharaɗin na sake karantawa, ko akwai wata kalma da ta ɓuya mini. Babu ita. Aji ɗaya. In zauna da yaran da suka gama sakandare bara, in kuma je Maiyama in faɗa wa mutumin da ke kwance cewa abin da yake tsoro ya faru.

Ranar Asabar na shiga motar Maiyama. Mun haye gada, gulbi ya ja baya ya bar yashi fari, masu lambu sun bi ruwan har tsakiya. A da da na rubuta wani abu a kai. Ranar ko kallo na biyu ban yi ba.

Ɗakin Baba yana ƙanshin man kaɗanya. Ƙafarsa na miƙe, an ɗaure ta da kara da tsumma, ya rame har agogonsa na zamewa. Umma ta fita ɗora ruwa. Na yi niyyar in ce lafiya lau, na ma shirya murmushin tun daga mota.

"Uwata, ya karatu?"

Na buɗe baki, sai ga labarin duka ya zubo, daga kabu-kabu har tsohon mai fartanya. Na zaci zai yi dariya, don Baba mutum ne mai son abin dariya, ko a kansa ne. Bai yi ba. Ya juya fuskarsa bango ya daɗe. Ina kallon yatsunsa suna murza bakin zanin gado.

"Ba laifinki ba ne," ya ce can. "Nawa ne."

Na ɗauka ƙafar yake nufi. Na ce, "Baba, ai tsautsayi ne."

Ya juyo ya ce, "Kin auna duka?"

"Duka. Arba'in da takwas."

"Kin sa rana?"

"Har da lokaci."

"To kada ki sake kai masa kuka. Shekara talatin ina koyarwa, kukan ɗalibi bai taɓa sa na san ko ya yi aiki ba. Kai masa littafin. Ki ajiye a gabansa ki yi shiru."

Ranar Litinin na yi yadda ya ce. Na yi sallama, na ajiye littafin a kan teburin Malam a buɗe, na koma gefe na sunkuyar da kai. Laka ta bushe a gefen shafukan, da shatin babban yatsana. Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi littafin. Ya bi layukan da bayan biro har ƙasa. Ya juya shafi, ya sake juyawa, har ya kai na ƙarshe, inda na manta na rubuta baiti uku a kan raɓa.

"Wannan kuma fa?"

"Wannan ba awo ba ne, Malam."

Wani abu ya motsa a gefen gemunsa. Ya rufe littafin ya miƙe. "Mu je."

Rana ta take, muka bi ta bayan ɗakunan karatu, shi a gaba da rularsa, ni a baya. A bakin fangali ya zaɓi tsiro uku da kansa, ya tsuguna da babbar rigarsa ya auna, ya duba abin da na rubuta. Kowanne ya ɗan ƙaru kaɗan, daidai girman kwana huɗu. Sannan ya fara tambaya, a tsaye, babu takarda. Me ya sa na ƙarshen nan suka gajarta? Na ce wurin ya fi tudu, ruwa ba ya kaiwa sosai, shi ya sa bakinsu ya yi rawaya. Yaushe ake daina ba albasa ruwa, kuma don me? Na amsa. Ya tambayi taki, na amsa rabi. Ya yi tambaya biyu daga laccocin da aka yi kafin in zo, na tsaya ina kallon ƙasa, ina jin shekara ɗaya da rabi tana zamewa daga hannuna.

"Ba ki sani ba?"

"Ban sani ba, Malam."

Ya buga rula a tafin hannu. "Tes kam ya wuce, ba ni maimaita shi don mutum ɗaya. Amma abin da na gani nan zan rubuta miki a madadinsa. Rabin maki. Ba zan ƙara ko ɗaya ba, sauran ki nema a babbar jarrabawa. Kin yarda?"

Na buɗe baki. Eh ta zo ta tsaya, awo ta zo ta tsaya, babu wadda ta fito. Kai kawai na gyaɗa.

Na ci darasin da maki mafi ƙanƙanta da ake ci da shi. Ban koma aji ɗaya ba. Wakiliyar aji, ashe tun ranar Alhamis ɗin ta sa ni a guruf, ta kuma ajiye lambata da sunan Mai Awo, sunan da ya bi ni har na gama. Ba mu zama aminai ba, amma daga makon ta riƙa ɗora jakarta a kujerar kusa da ita, in na shigo ta ɗauke ba tare da ta dube ni ba. Baba ya tashi ya taka da sanda, ya ga takardar kammalawata, ya riƙe ta da hannu biyu.

Bayan rasuwarsa da shekara guda na je Jega gaida Gwaggo. Muna tsintar shinkafa na ba ta labarin nan, wanda a lokacin na ɓoye mata. Ta yi dariya har da tari, sannan ta tsaya, ta ajiye farantin. Ta ce Baba yana da shekara goma sha huɗu aka kai shi makarantar kwana a Kano, shi ma a tsakiyar shekara. Ranar farko malami ya tambaye shi a gaban aji ko shi ne sabon yaro daga Maiyama, ya miƙe ya ce, "Awo." Shekara biyar 'yan ajin suka yi suna kiran shi Awo. Da ya dawo hutun farko, ta ce, ko mahaifiyarsu ce ta tambaye shi abu, "eh" yake cewa, kuma har ya koma ga Allah ba ta sake jin kalmar a bakinsa ba.